Matata Ba Ta Aiki

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sammacin ya zo tun ranar Alhamis. Wani mutum ne ya kawo shi a kan babur, takalminsa ya fi wata bai ga mai ba. Ya tsaya a ƙofar gidana yana rangaɗa cikakken sunana kamar mai cigiya, alhali ga ƙararrawa nan a gefen hannunsa. Na sa hannu da birona, don ban ga dalilin da zai sa in taɓa nasa ba.

Banki na son kotu ta ba shi gidan nan. Wata tara ke nan ban biya kuɗin wata-wata na lamunin ba. Za a zauna ranar goma sha takwas. Na rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake rubuta shi ba.

Takardar tana aljihun ciki na baƙar kwat ɗina. Nan ne kaɗai na tabbata hannun matata ba zai kai ba, domin kayana ba sa shiga injinta. Ni nake wanke abina, ni nake goge abina, tun kafin ta san yadda ake riƙe dutsen guga.

Talata, 3 ga wata, bayan azahar

Na je banki. Sun haɗa ni da wani jami'i da ya ɗaure lakataye kamar wanda zai rataye kansa, ƙullin ya karkace gefe guda. Ya kawo min shayi a kofin takarda, ya riƙo shi ta baki, yatsansa na taɓa inda zan sa leɓena. Da a ƙarƙashina yake, da yau ya koma wanke tukwane.

Shekara ashirin da shida ina shugaban masu hidimar abinci a babban otal. Mutum arba'in ke jiran in ɗaga gira. Na san wanda ya gaji arziki da wanda ya tsince shi jiya, daga yadda yake warware adiko kawai. Yau ga ni a kan kujerar roba, wani da bai iya ɗaure wuyansa ba yana gaya min wai magana ta bar hannunsu, tana wajen lauyoyi.

Ya ce, “Baba, mun rubuto maka sau shida.”

Na ce, “Na gani. Ban ga abin amsawa a ciki ba.”

Na bar masa shayinsa a kan tebur.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Injinan wankin matata sun fara tun kafin in gama salla. Guda biyu ne, a ɗakin baya, ɗakin da na gina da niyyar ya zama wurin hutawata. Yanzu ya cika da zannuwan gadon wani ƙaramin asibiti, da tawul-tawul na shagon aski, da kayan ɗaliban da ba su da kunyar miƙa wa matar aure wandunansu. Tsakar gidana duk igiyar shanya. In zan fita sai na sunkuya a ƙarƙashin zanin da wani majinyaci ya kwana a kai.

Sharaɗi biyu na kafa mata ranar da ta fara: ba allon talla a ƙofar gidana, kuma masu kawo kaya su bi ta baya. Ta ce to. Ita dai kullum to, ba ta taɓa musa min magana a gaban mutane ba, wannan kam na ba ta.

Abin rage zaman banza ne. Mata suna son irin wannan.

Alhamis, 5 ga wata, la'asar

Ba wanda ya kira. A watan jiya liyafa biyu aka kira ni in kula da su, a wani ɗakin taro da ake shimfiɗa leda a kan tebur.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

A bayan sammacin an rubuta cewa akwai ofishin da ke ba da lauya kyauta ga wanda ba shi da hali. Ba don rashin hali na je ba, na je ne in ga irin aikinsu.

Bene ne na biyu, a saman wani shagon sayar da taya. Fanka na juyawa tana kuka. Mutum goma sha ɗaya a kan benci, kowa ya rungume ledar takardu kamar jariri. Wata tsohuwa ta matsa min wuri, ta ce, “Kai ma gida ne, ɗan'uwa?” Na ce mata ni saƙo na kawo. Na tsaya a tsaye har layi ya zo kaina.

Lauyar wata siririyar mace ce mai tauna murfin biro. A raina na sa mata suna Ci-Biro. Teburinta kamar an yi ambaliya. Amma ta karanta takardata cikin minti biyu, ta ɗago kai.

“Baba, bari in yi maka gwari-gwari. Bashi dai akwai shi, ba za mu musa ba. Amma alƙali ba ya son fitar da mutum daga gidansa in da wata hanya. In ka nuna cewa abin da ke shigowa gidanku zai iya ɗaukar kuɗin wata, da ɗan ƙari a kan wanda ya taru, za a iya dakatar da ƙwacewar. Ka ci gaba da zama, muddin kana biya.”

Ta miƙo min fom mai shafi huɗu. Abin da kake samu, abin da kake kashewa, su wa ke zaune a gidan, wa ke aiki a cikinsu.

“Me ya raba ka da otal ɗin?”

Na ce mata wannan ba ya cikin fom.

“Maman fa? Tana wata sana'a?”

Na ce zan cike a gida.

Asabar, 7 ga wata, hantsi

'Yata Auta ta zo hutun ƙarshen mako daga makarantar koyon jinya. Ko jakarta ba ta ajiye da kyau ba ta shige ɗakin baya, ina jin su suna dariya suna ninke zannuwa. Da ta fito ta gaishe ni, ta ce, “Baba, an ƙara kuɗin zango, amma Mama ta riga ta tura.” Na ce madalla. Ban tambaya ba, ban san me ya sa ake gaya min ba.

Na cike fom ɗin a ɗakina da rubutu mai kyau. A layin da aka ce aikin mata ko miji, na ja layi.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Banki ya turo mai kimanta gida. Wani ƙato mai gumi, da tef ɗin awo a ƙugu, yana ƙwanƙwasa bangona da bayan yatsa kamar mai sayen kankana. Na gaya wa matata mutanen inshora ne. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “To, Baban Auta.”

Ya shiga ɗakin cin abinci ya ga teburina na mutum takwas, wanda nake shirya shi kowace safiya, cokali a dama, mai yatsu a hagu, ko da ba mai zama. Ya ɗora gumin hannunsa a kan farin ƙyallen ya ce, “Baƙi za ku yi?”

A ɗakin baya ya fi daɗewa. Ya ɗauki hoton injinan, da teburin guga, da ƙullin kayan da aka jera da sunayen masu su. Ya roƙi ruwa. Na je na kawo masa a tire, da kofin gilas da ƙaramin faranti a ƙasa, don ko maƙiyi ne ba na ba shi ruwa a hannu. Da na dawo na tarar sun yi shiru shi da ita. Ya kwankwaɗe ruwan a tsaye, ya goge baki da hannun riga.

Talata, 10 ga wata, da safe

Matata ta haɗa karin kumallo kamar kullum. Ta ƙara min sukari a shayi, abin da ta san ba na so.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na mayar wa Ci-Biro fom. Ta duba, ta cire biron daga baki.

“Baba, da wannan ko kuɗin wuta ba za ka biya ba. To wa ke ciyar da gidan?”

Na ce Allah.

“Allah ne ke ciyar da kowa. Ta hannun wa yake aiko muku?”

Yarinyar da na girme wa ubanta. Na ce mata akwai wani sabon otal da ke shirin buɗewa, kuma duk wanda ya san aikin nan a garin nan ya san ni. Ta ce in kawo takardar ɗaukar aiki. Na ce manya ba sa irin wannan da takarda, da baki ake gamawa.

Ta yi ajiyar zuciya. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba. In akwai wani abu da ke shigowa gidan, ko ɗinki ne, ko kitso, ko hayar ɗaki, ka faɗa min yanzu. Kuma ka zo da Maman ranar zama. Gidanta ne ita ma.”

Na ce sunana kaɗai ne a takardar gidan. Kuma gaskiya ne. Ni na zaɓi filin, ni na tsaya a kan magina, ni na sa aka rushe matakalar ƙofa sau biyu don ba ta miƙe ba. A wata na uku da barina aiki, matata ta kawo min wani ambulan a ɗaki ta ce in rage na banki. Na tura mata abinta. Na ce ta riƙe cefane, gida nawa ne, ni zan ji da shi. Ban ga abin da ya canja ba daga ranar zuwa yau.

Asabar, 14 ga wata, la'asar

Na je sabon otal ɗin. Manajan bai kai shekara talatin da biyar ba, ga agogo kamar faifai a hannu. Ya ce ya ji labarina. Ya faɗe shi da wani irin murmushi. Ya ce, “Kai ne wanda baƙo ya kaɗa maka yatsa, ka juye masa miya a cinya a gaban mutum ɗari uku?”

Ba haka aka yi ba. Ba miya ba ce, kuma ba yatsa kaɗai ya kaɗa ba, har da fito ya yi min, irin wanda ake yi wa kare. Ban ga amfanin yi wa yaro bayani ba.

Ya ce za su neme ni.

Lahadi, 15 ga wata, da rana

Na goge kwat. Na goge takalmi. Na sake goge kwat.

Talata, 17 ga wata, bayan magariba

Muna cin abinci a kicin, ta ce, “Baban Auta, gobe kana da fita?”

Na ce akwai liyafa da safe.

“Liyafa da safe?”

Na ce taron ma'aikata ne. Ta ci gaba da kallon farantinta. Can ta ce, “In akwai abin da kake son gaya min, kunnena biyu.” Na ce gishirin ya yi yawa.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Injinan ba su tashi ba yau. Na fito na same ta a falo, ta yi shigar fita, ga babbar jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Ban san inda za ta ba, ban kuma tambaya ba. Na ce sai na dawo. Ta bi ni da kallo har ƙofa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, domin wata rana a san ba ni da laifi.

Ɗakin shari'ar bai kai rabin ɗakin cin abincin otal ɗinmu ba. Labulen taga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Benci shida, cike da masu ledar takardu, har da tsohuwar nan ta ofishin Ci-Biro. Na wuce kai tsaye na zauna a layin gaba, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Ba ni da abin gani a baya.

Sai ga mai kiran ƙara ya fito da takarda a hannu, ashe Fasa-Kofi ne. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashina, ni na sa masa sunan, ni kuma na sallame shi ranar da ya zubar da tire na uku. Yanzu ya yi furfura, ya yi tumbi, an ba shi riga mai maɓallin ƙarfe. Yana ganina ya rusuna, ya ce, “Oga! Ina kwana, Oga? Allah ya sa a dace.” Ya je ya kawo min ruwa, har da ɗan faranti a ƙasan kofin. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Mai Shari'a mace ce, da tabarau a kan karan hanci, tana juya takardu da yatsa mai yawu. Ƙara huɗu ta gama kafin tawa, cikin abin da bai kai rabin awa ba. Tsohuwar ta tashi ta lissafa komai a gaban jama'a, wai tana sayar da ƙanƙara, ɗanta na tura mata kuɗi kaza, surukinta ya yi alkawarin kuɗi kaza. Ko kunya babu. Aka dakatar da ƙwace nata gidan, ta fita tana kuka tana sa albarka.

Aka kira ni. Lauyan banki ya miƙe, wani mai kwat da ta fi shi faɗin kafaɗa, ya karanto watanni da wasiƙu. Ci-Biro ta roƙi a ɗage zama, ta ce ina sa ran aiki. Mai Shari'a ta tambayi takarda, babu. Ta duba fom ɗina ta ce abin da ke nan bai isa komai ba.

Sai ta ɗauko wani shafi. Ta ce, “Rahoton mai kimanta gida ya ce akwai injinan wanki biyu da kayan mutane a ɗakin baya. Malam, ina tambayarka ne don in taimake ka. Ana sana'a a gidan nan? Matarka tana samun kuɗi? In tana samu, faɗa min, in ba ku mako biyu ku kawo shaida.”

Ci-Biro ta juyo ta zuba min ido. Fasa-Kofi na tsaye a gefen teburin, hannunsa a baya, yadda na koya masa tsayuwa. Duk ɗakin ana jira in ce ni, da na yi shekara ashirin da shida ina ɗaga gira mutum arba'in na rawar jiki, wankin wandunan ɗalibai ne ke ciyar da ni.

Na ce, “Ranki ya daɗe, matata ba ta aiki. 'Yan kayan maƙwabta ne take taimaka musu, don rage zaman banza.”

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, “Ka tabbata?”

Na ce na tabbata.

Ta ba ni kwana ashirin da takwas. In miƙa makullai, ko a zo a karɓa.

A waje Ci-Biro ta ce, “Injin wanki biyu, Baba? Biyu?” Na ce ta rage murya, muna cikin mutane.

Alhamis, 19 ga wata, da safe

Alƙalan yanzu ba sa sauraro. Minti tara aka yi, na duba agogo.

Juma'a, 20 ga wata, azahar

Jiya matata ta fita tun safe, ba ta dawo ba sai la'asar, yau ma ta sake fita. Masu kawo kaya suna ta ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ban buɗe ba, ba aikina ba ne.

Na zagaya gidan ɗaki-ɗaki. A jikin ƙofar ɗakin Auta har yanzu akwai zanen fensir da nake auna tsawonta kowace shekara. Matakalar ƙofa kuwa a miƙe take sak. Duk wanda zai saya ba zai ma lura ba. Irinsu mai gumin nan ne za su shigo, su kafa ƙusa a inda suka ga dama, su ci abinci a ƙasa a gaban talabijin.

Tsoro nake ji. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ci-Biro ta kira ni, na je. Wannan karon na zauna a bencin, ƙafata ce ke ciwo.

Ta ce akwai sauran ƙofa ɗaya. Kafin wa'adi ya cika za a iya shigar da roƙo a dakatar da umarnin. Amma sai da abu biyu. Na farko, takardar rantsuwa daga gare ni cewa abin da na faɗa a kotu ba haka yake ba. Na biyu, matata ta zo da kanta, da rasit-rasit ɗinta da takardar asusunta, ta sa hannu cewa ta yarda a riƙa biya daga sana'arta.

Ta riga ta buga takardar. Na karanta. “Matata ce ke ɗauke da gidanmu tun da na rasa aiki.” Na ce a canja “ɗauke da” zuwa “taimaka wa”. Ta ce ba za ta canja ko wasali ba. Na ce a cire “rasa”, ni ajiye aiki na yi. Ta mayar da biro baki ta kama duba fayil ɗin wani.

Na sa hannu.

Saura in yi wa matata magana. Wannan ba wani abu ba ne, ita kullum to ce.

Talata, 24 ga wata, la'asar

Ba ta da lokaci yau, asibitin sun kawo kaya da yawa.

Laraba, 25 ga wata, la'asar

Ni ne ba ni da lokaci.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na shiga ɗakin baya. In ban da ranar mai awon nan, rabona da shiga har na manta. Zafi, tururi, ƙamshin sabulu. Ta jera komai a kan kanta, kowane ƙulli da sunan mai shi da ranar karɓa. Ban taɓa lura ba, ninkin tawul ɗinta irin na otal ne, baki uku a ciki. Ban san inda ta koya ba.

Tana guga, ba ta ɗago ba. Na ce, “Maman Auta, akwai wata 'yar matsala da banki.”

“Kwana ashirin da takwas,” in ji ta. “Yau saura ashirin.”

Na tambaye ta wa ya gaya mata.

“Mai awon nan ya gaya min, lokacin da ka tafi ɗebo masa ruwa a tire. Ya ɗauka na sani. Kwana tara ina jira ka buɗe baki. Ranar zaman na shirya, na zuba duk rasit ɗina a jaka, da kuɗin da ka turo min da yatsa ɗaya, da wanda na yi ta tarawa a kai duk wata, na ce ko a bakin ƙofa ne zai ce in zo mu tafi. Ka ce min liyafa.”

Na ce ban so in tayar mata da hankali ba ne.

“Na bi bayanka. Ina benci na ƙarshe. Wani mai furfura ne ya ba ni wuri, ya ce ya san ni tun ina kawo maka saƙo otal. Da ka waiwaya sau ɗaya da ka gan ni.”

Ta juya rigar da take gogewa, ta bi hannun da dutse.

“Da Mai Shari'ar nan ta tambaye ka, na riƙe jakata, na ɗaga daga bencin. Wallahi na ɗaga. Jira nake ka ce e, in taho. Sai na ji abin da ka ce.”

Na ajiye mata takardar rantsuwar a kan teburin guga. Na ce ta karanta, na gyara maganar, ga sa hannuna. Ta ajiye dutsen, ta goge hannu, ta karanta har ƙarshe a hankali, leɓenta na motsi. Na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Ta ninke takardar ta miƙo min.

“An rubuta da kyau. Lauya ce ta rubuta?”

Na ce ma'anar dai tawa ce.

“Baban Auta, shekara ashirin da huɗu ban taɓa ƙaryata ka a gaban mutane ba. Ka tsaya gaban alƙali ka ce ba na aiki, aka ce ka tabbata, ka ce ka tabbata. Ba zan je in tsaya a wurin in mayar da kai maƙaryaci ba.”

Na ce wannan ba lokacin fushi ba ne, gida ne zai tafi.

“Ba fushi nake ba, na gaji ne. Dubi hannuna.” Ta miƙo su. Duk sun tsattsage, farcen sun yi fari. “In je in sa hannu in yi shekara goma sha ɗayan da suka rage na lamunin ina wanke zanin asibiti, ina biyan gidan da ba sunana a kai, ana ce min zaman banza nake ragewa? Kuɗin ma babu su yanzu. Ranar Juma'a na kama shago a bakin titin asibiti, na biya shekara guda. Akwai famfo, akwai wurin shanya, akwai ɗaki biyu a baya. Ɗaya nawa, ɗaya na Auta in ta zo hutu.”

Injin ya gama, ya yi ƙara. Ta je ta buɗe shi ta fara fito da kaya. Na tsaya kaɗan, sannan na fito.

Juma'a, 27 ga wata, da safe

Titin asibiti. Hayaniya, ƙudaje, masu sayar da katin waya. Na san irin ɗakunan bayan shagon nan, rufin kwano ne, ba silin, banɗaki a waje. Ba wurin da mutum mai mutunci zai zauna ba ne.

Ɗaki biyu ta ce.

Lahadi, 29 ga wata, la'asar

Auta ta zo. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta gaishe ni a tsaye daga bakin ƙofa, ta ce, “Baba, ka ci abinci?” Na ce na ci. Suna ta ɗaure kwalaye. Ba su taɓa komai nawa ba, ko cokali ɗaya daga teburin ba su ɗauka ba.

Ci-Biro ta kira sau uku. Me zan ce mata?

Talata, 1 ga sabon wata, hantsi

Ɗaya nata, ɗaya na Auta. Ƙila ta ɗauka ba sai an faɗa ba cewa da ni za a tafi. Mata ba su iya bayani ba.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Motar ɗaukar kaya ta zo da ƙarti uku. Ba su iya ɗaukar komai ba, sun daki bango da inji har fenti ya ɓare. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna bangon ba nawa ba ne.

Ta fito daga kicin da jakarta. Ta ce ta bar min abinci a tukunya, na kwana biyu, in riƙa ɗumamawa. Ta ce maganin hawan jinina yana kan firij, saura na mako guda, kada in manta in sayo. Ta miƙo min makullinta na gidan, ta ce in haɗa da nawa ranar da za su zo.

Na raka ta har bakin mota. Direba ya tayar. Ƙartin na kallo, maƙwabciyarmu na leƙe ta taga. Na san duk suna ji, amma na faɗa, da muryar da ban san ina da ita ba.

Na ce, “Maman Auta, ni fa?”

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakin motar. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta dube ni, ta dubi gidan a bayana.

Ta ce, “Kai ai kana da gida, Baban Auta.”

Saura kwana goma sha ɗaya.